Kalmar da Tsattsewa Ta Kawo Tafkin Gawo

A wani daji da ke tsakanin duwatsu da wani busasshen kogi, akwai tafki guda da ba a taɓa ganin ƙasansa ba, ana ce masa Tafkin Gawo. A shekarar da wannan abu ya faru, damina ta ɗauke tun ciyawa ba ta kai gwiwa ba. Ƙoramu suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, har ya zama duk mai numfashi a dajin da wannan tafki ya dogara.

Majalisa ce ke tafiyar da dajin. Shugabanta wani tsohon ɓauna ne mai suna Jatau, wanda ya yi suna wajen sauraron magana har ƙarshe ba tare da an gane inda ya karkata ba. Akwai Tambai, damisa, ita ke riƙe da kyarketan da ke tsaro. Akwai Makau, gyado, mai kula da rabon ruwa. Sai Malam Shekarau, burtu, wanda ya haddace dokokin dajin, kuma ba ya faɗin su sai ya yi gyaran murya.

Da ruwa ya fara ja baya, majalisa ta sa aka kewaye tafkin da shingen ƙaya, aka bar ƙofa ɗaya. Aka ce don tattali ne, kuma da farko kowa ya yarda. Manya ke fara sha da sassafe. Ƙanana sai rana ta take, bayan an dama ruwan ya koma laka. Daga baya ƙofar ta daina buɗuwa kullum. Amma ta kafar shinge ana hango Makau kowace safiya kwance cikin tafkin har wuya, yana juyi. Ya ce zurfin ruwan yake aunawa.

Ran nan ƙananan dabbobi suka taru a bakin shingen, suka ƙi tafiya. Kuraye ba sa ciki, amma zomaye da gadoji da barewa da kurege da beguwa da bushiya duk sun zo, ga tsuntsayen ƙasa ba iyaka. A gabansu akwai wata zabuwa, Inna Kuluwa, da 'ya'yanta a bayanta. Ba wanda ya naɗa ta, muryarta ce kawai ta fi ta kowa. Idan ta ce a buɗe ƙofa, sai sauran su amsa, sautin ya haɗu ya zama guda, ya riƙa tashi yana sauka har gindin gawon da majalisa ke zama.

Jatau ya tambayi Malam Shekarau abin da doka ta ce.

Burtu ya yi gyaran murya ya ce, "Ranka ya daɗe, doka ta san abu biyu. Idan talakawa suka haɗu da koke, sunansa taro, kuma wajibi ne majalisa ta fita ta saurara, ta ba da amsa kafin rana ta faɗi. Idan kuwa suka haɗu da nufin ɓarna, sunansa tarzoma, kuma wajibi ne masu tsaro su tarwatsa su. Abin da ya rage kawai shi ne a faɗi wanne ne wannan."

Jatau ya ci gaba da tauna yana auna maganar. Idan ya ce taro, sai an buɗe ƙofa. Idan ya ce tarzoma, kyarketai ba su da yawa, kuma ya san Tambai za ta fito daga wannan aiki da ƙarfin da ba ta shiga da shi ba. Ko ɗaya bai yi masa ba.

Ana cikin haka wata tsattsewa ta sauka a reshen gawon. Sunanta Ladingo. Daga ƙasashen gabas take tare da ayarinsu, gajiya ta sa ta tsaya ta huta. Ta dubi cincirindon, ta saurari sautinsu, ta ce da kanta, amma yadda za a ji, "Ikon Allah. Hamon ke nan."

Jatau ya ɗaga kai. Ya ce, "Baiwar Allah, me kika kira shi?"

Aka sauko da ita gaban majalisa. Ladingo tsuntsuwa ce mai son a san ta yi yawo, ba ta kuma taɓa samun manya irin waɗannan suna jiran bakinta ba. Ta gyara fikafikai ta ce, "Ranka ya daɗe, a inda na yi sheƙa bara, ƙarƙashin rufin wata makaranta ce da mutane ke koyon tsohon Ibrananci, harshen Yahudawa. Wani dattijon malami na ji yana yi wa ɗalibansa bayanin wannan kalma. Ya ce asalinta sauti ne, irin gunjin da ke tashi idan abu mai yawa ya motsa tare. Ana faɗin ta ga taron jama'a masu hayaniya. Ana faɗin ta ga runduna. Ana faɗin ta ga rugugin ruwan sama mai yawa idan ya taso. Har dukiya mai yawa ana kira da ita. Ya kuma ce akwai inda aka yi amfani da ita ga motsin da cikin mutum ke yi idan tausayi ya kama shi."

Malam Shekarau ya ce, "To a cikinsu wanne kika nufa?"

"Ni dai sautin ne ya tuna mini, Malam."

Jatau ya haɗiye abin da ke bakinsa. Ya ce, "'Yan majalisa, kun ji. Doka ta san taro, ta san tarzoma. Ga baƙuwa mai ilimi, wadda ba ta da dangi a cikinmu, ta duba ta ce wannan hamon ne. Zai zama gaggawa mu saurare su a matsayin taro alhali ba mu tabbatar ba, zai kuma zama zalunci mu kore su a matsayin tarzoma. Sai mu fara sanin abin da suke. Malama za ta zauna tare da mu har a warware. A ba ta ruwa daga wajen da bai damu ba."

Tun da aka haifi Ladingo ba a taɓa ce mata Malama ba. Ta ga ayarinsu ya wuce ta sama ya yi kudu. Ta ce a ranta gobe ta cim masu.

Washegari aka zauna kan kalmar. Tambai ce ta fara. Ta ce, "Ni ba malama ba ce, amma kunnena ya ji runduna. Kuma ina da tambaya. Zomo da kurege ba su taɓa shiri ba, yau ga su kafaɗa da kafaɗa. Wa ya haɗa su? Beguwa ta zo da ƙayoyinta, gada ta zo da ƙahonta. Za a ce ai da su aka halicce su. Na yarda. Amma me ya sa suka zo da su nan? Sannan wannan baƙuwa, duk faɗin sama, ba ta ga inda za ta sauka ba sai kan bishiyarmu, a ranar da aka fara. Ban zargi kowa ba. Ina dai lura."

Makau ya ce, "Yaya Tambai ta yi magana, amma ta tsallake babbar ma'ana. An ce dukiya. Ni da nake rabon ruwa na san abin da jiki ke bukata. Wanda ƙishirwa ta kama da gaske ba ya iya ihu daga safe har yamma. Waɗannan suna da wani ruwa a ɓoye. Masu haƙa rami suna da yawa a cikinsu. Suna sha a can, su zo nan su nemi namu. Kalmar da kanta ta tona su."

Malam Shekarau ya yi gyaran murya ya ce, "Ni a ganina kalmar bishara ce. Rugugin ruwan sama aka ce. Wato alama ce damina na dawowa, kuma idan haka ne, buɗe ƙofa da rufe ta duk ɗaya ne, abin da ya kamata shi ne haƙuri. Amma ma'anar nan ta ƙarshe, ta motsin ciki, ina da shakka a kanta. Mai yiwuwa Malama ba ta ji da kyau ba, tun da daga saman rufi take saurare."

Ba wanda ya nemi a tsaya kan wannan. Aka tashi ba a yanke komai ba, Jatau ya yaba wa kowa.

Daga ranar kowannensu ya riƙa zuwa wajen Ladingo shi kaɗai. Makau ya kawo mata fara masu maiƙo, ya tambaye ta ko malamin nan bai fi nanata dukiya ba. Tambai ba ta kawo komai ba, ta kwanta a ƙarƙashin reshen tana lasar dantse, ta ce ta ji tsuntsaye baƙi kan yi mantuwa, amma idan aka ba su lokaci sukan tuna. Kowa ya tafi sai ya waiga ya ga ko wani ya gan shi. Makau ya fara zargin Tambai na son a yi faɗa don ta karɓe ƙofar. Tambai ta fara zargin Makau ne ya kira tsuntsuwar. Su biyun suna zargin Malam Shekarau, domin shi kaɗai ne bai nuna yana son komai ba.

Ladingo kuwa ta gane abu guda da wuri. Muddin ba a warware kalmar ba, akwai ruwa mai sanyi da fara. Saboda haka duk wanda ya tambaye ta sai ta karkata kai ta ce, "Akwai ƙamshin haka, amma maganar tana da zurfi." Ba ƙarya ta yi ba. Ta dai daina gaggawa.

Kyarketan da ke bakin ƙofa su suka fitar da kalmar waje. Wani ya ce wa wani zomo, "Ku yi ta ihu. An riga an gano ku, ku hamon ne." Zomon ya tambayi ma'ana, kyarkecin ya ba shi wadda ya tsinta. Wani mai tsaron ya ba bushiya wata dabam. Kafin yamma duk ma'anonin sun shiga cikin jama'a, ban da ta ƙarshe, wadda ba ta taɓa fita daga gindin gawo ba.

Zomaye suka ji zancen ɓoyayyen ruwa, suka fara kallon kurege. Ai kullum yana shiga rami, ya fito da ƙarfinsa. Aka bi shi har gida aka tone ramin, ba a sami komai ba sai busassun 'ya'yan itace, aka ce lalle ya sami labari ya sauya wuri. Tsuntsaye suka ji zancen runduna, suka ja baya daga masu ƙaho, don kada ranar da kyarketai za su faɗo a same su kusa. Barewa ta ce ita ba ta taɓa tunkuyin kowa ba, aka ce me ya sa take saurin kare kanta. Wasu suka ji zancen ruwan sama, suka koma gida suna duban gabas.

Sautin ya fara raguwa. Wanda ya buɗe baki sai na kusa da shi ya dube shi. Inna Kuluwa kaɗai ta ci gaba, tana zagayawa tana cewa, "'Yan'uwa, ruwa muka zo nema. Ba suna muka zo karɓa ba. Su kira mu abin da suka ga dama, su buɗe ƙofa."

Sai wata tsohuwar bushiya ta ce, "Kuluwa, ina da tambaya, kada ki ji haushi. Mu duk muryarmu ta dishe. Taki ba ta dishe ba. Me kike sha?"

Kuluwa ta dubi fuskokin da ta sani tun tana ƙarama, ba ta ga wanda ya kawar da kai don kunya ba. Ta ce, "Haka Allah ya yi zabuwa, Iya."

Da rana ta take, masu tsaro suna gyangyaɗi, Kuluwa ta tashi da ƙyar ta haye shingen, ta sauka gindin reshen da Ladingo ke hutawa. Tsattsewar ta yi sumul, gashinta na sheƙi.

Kuluwa ta ce, "Ke ce Malamar?"

"Ni ce, Inna. Amma ba a shigowa nan."

"Na sani. Ba zan daɗe ba. Ƙaramin 'ya'yana tun jiya bai ɗaga kai ba. Ban zo roƙon ruwa ba, don na san ba naki ba ne. Tambaya na zo yi. Wannan kalma taki, wanda ya koya miki ita, bai faɗi yadda ake gane wacce ma'ana ake nufi ba? Ko su ma can haka suke zama a kanta har wani ya mutu?"

Ladingo ba ta manta ba. Ta tuna sarai. Ta tuna tun ranar farko.

Ta ce, "Ya faɗa. Ya ce ba a ɗaukar kalma ita kaɗai. Ana duba abin da ke kewaye da ita."

"To me ke kewaye da mu?"

Ladingo ta dubi shingen, ta dubi busasshiyar ƙasar da ke bayansa.

Kuluwa ta ce, "Kin faɗa musu haka?"

"Ba su tambaya ba, Inna."

"Ba su tambaya ba," in ji Kuluwa. Ta juya ta koma yadda ta zo.

A zaman da ya biyo baya Ladingo ta nemi izinin magana. Ta ce, "Ranka ya daɗe, akwai abin da ban cika ba. Kalmar nan tana da ma'anoni da yawa, amma a wuri ɗaya ma'ana ɗaya take ɗauka, kuma abin da ke gefenta shi ke nunawa. Idan ana zancen yaƙi, runduna ce. Idan ana zancen hadari, ruwa ne. A nan babu yaƙi, babu hadari, babu dukiya. Akwai shinge, akwai tafki a ciki, akwai masu ƙishirwa a waje. Jama'a ce mai yawa tana kuka da murya ɗaya. Abin da na ji ke nan ranar da na sauka, shi ya sa na faɗi kalmar. A harshenku sunansa taro. Ina roƙo a fita a saurare su yau."

Tambai ta ce, "Jiya da rana an ga sawun zabuwa a cikin shinge."

Makau ya ce, "Kwana da kwanaki tana cewa maganar tana da zurfi. Yau ta wayi gari ta ga ƙasanta. Me aka ba ta? Na ce muku suna da abin bayarwa."

Malam Shekarau ya yi gyaran murya ya ce, "A doka, mai shaida idan ya zo da magana biyu, ba a ɗaukar ta biyun sai an binciki abin da ya faru tsakaninsu. Ba a kuma ci gaba da dogara da ta farkon. Wato yanzu ba mu da shaida ko ɗaya, sai mu koma farko."

Jatau ya gode wa Malama bisa hidimarta. Ya ce majalisa ba za ta ƙara wahalar da ita ba. Daga ranar aka daina kawo mata ruwa.

Ladingo ta tashi ta sauka kan shingen, ta fuskanci waɗanda suka rage. Ta ce musu kalmar ba zagi ba ce, ba ta nufin runduna ko ɓoyayyen ruwa, su ne kawai take nufi, su da muryarsu, kuma idan suka sake haɗa murya doka na tare da su. Suka saurare ta. Suka kuma dubi sheƙin gashinta da cikar ƙirjinta.

Wani zomo ya ce, "Daga ciki kika fito."

"Daga ciki na fito."

"To su suka aiko ki mu yi ihu, don a ce tarzoma ce."

Ba ta sami mai yarda da ita ba. Ta nemi Kuluwa, aka nuna mata wani gindin sabara. Zabuwar na tsaye tana tona ƙasa da ƙafa, sauran 'ya'yanta na gefe. Ladingo ta ga abin da ake rufewa, ta kasa ƙarasawa.

Da ta gama, Kuluwa ta tara 'ya'yanta ta bi busasshen kogin ta yi yamma, inda aka ce akwai wani gulbi bayan duwatsu. Ba ta yi sallama da kowa ba, ba ta kuma kira kowa ba. Washegari aka ga babu kurege. Bayansa barewa. Kowa ya tafi a ɓoye, don kada maƙwabci ya san hanyar da ya bi. Wasu sun kai gulbin, wasu ba su kai ba. Ladingo ta yi kudu ita kaɗai, a lokacin da iskar da ke ɗaukar tsattsewa ta riga ta juya. Ba a sake jin labarinta a dajin ba.

Wata safiya majalisa ta zauna, ba a jin komai sai kukan ƙudaje. Aka aiki kyarkeci ya duba, ya dawo ya ce babu kowa a bakin shinge, babu kowa a ramuka, babu kowa har gindin duwatsu.

Malam Shekarau ya yi gyaran murya ya karanto matsaya. Ya ce bayan dogon nazari majalisa ta gamsu cewa kalmar hamon tana nufin jama'a mai yawa mai hayaniya. Tun da yake a halin yanzu babu jama'a kuma babu hayaniya, to babu hamon a wannan daji, babu taro, babu tarzoma, kuma babu wani koke da ke gaban majalisa. Jatau ya ce wannan shi ne amfanin rashin gaggawa. Makau ya ba da rahoto cewa ruwa zai isa har damina, har da ragi.

Tambai kuwa tana can gefe. Ta daɗe ba ta ci abin kirki ba, kyarketanta ma haka, haƙarƙarinsu duk a waje. Ta kwanta ta ɗora haɓa a kan dantse, tana sauraron rahoton Makau da natsuwar da ba a saba gani a wajenta ba, idonta na bin wuyansa yayin da yake magana.

A zama na gaba, Makau ya kawo shawarar a ƙara wa shingen ƙofa ta biyu, a gefen da babu kyarketan Tambai.